Motar da Ta Yi Shiru a Tungar Ƙirya

Ranar Litinin da hantsi aka gane an yashe rumbun tsimin Tungar Ƙirya. Maigari Albarka ne da kansa ya hau tsani ya ɗaga murfin, domin hadari ya fara leƙowa ta gabas, yana son ya ga abin da zai raba wa mutane na iri. Ya daɗe kansa na cikin rumbun. Da ya sauko sai ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa. Dami tamanin na gero aka zuba da kaka, abin da ya rage kuwa ƙaiƙayi ne da kashin ɓera.

A shekarun nan, kafin Faransawa su tattara nasu ya nasu, kowane gari a ƙasar Kurfai kan ajiye hatsi a rumbu ɗaya don gudun yunwa. Mutane kan zuba suna gunaguni, amma da zarar damina ta ƙarato sai kowa ya fara kallon rumbun da idon so. Na Tungar Ƙirya a bayan gari yake, can gindin wani tudun yashi, nesa da gidaje saboda gobara. Jiya kuma ranar kasuwar Filinge ce, duk mai ƙafa ya tafi, ba a bar kowa ba sai tsofaffi da awaki.

Kafin azahar gari ya rikice. Wannan ya ce maƙwabcinsa bai je kasuwa ba, wancan ya ce ya ga wane da sabon takalmi, har aka fara tono faɗan gona na shekara goma. Maigari ya ga in bai yi sauri ba za a zubar da jini, sai ya aika doki Filinge a kirawo Magagi mai bin sawu.

Magagi gajeren tsoho ne mai faɗin kafaɗa, ba ya son a yi masa magana yana kallon ƙasa. Shekara talatin yana bin raƙuma da shanun da aka sace, daga Sanam har Abala, ba a taɓa jin ya nuna gidan da ba shi ne ba. Ya taɓa bin sawun jaki guda ta tsakiyar karar Baleyara bayan an tashi kasuwa, ya fito da shi ta ɗaya gefen. Ni dai ban ga idon da ya kai nasa ba, kuma shi ma ya san haka, abin da ya ja masa ke nan.

Ya zagaya rumbun sau ɗaya ya ce, “Mota ta.”

A duk ƙasar manyan motoci uku ne ke bin wannan hanya, kuma tayoyinsu iri ɗaya ne, don duk kanti guda ake sayo su a Yamai. Mutane da murya suke rarrabe su. Ta Idi tsohuwa ce mai kwaramniya. Ta Alhassan ana kiranta Aradu, domin tana Filinge za ka ji ta kana gona, kaji su watse, jarirai su farka. Ta Hamani kuwa ana ce mata Mai Kunya, sai ta zo daf da kai kafin ka san da ita, shi ya sa ake yi mata kallon raguwa.

Magagi ya bi sawun zuwa gindin tudu. Nan motar ta kafe. Tayoyin baya sun haƙa ramuka biyu masu zurfi, ga kuma sawun mutum biyu da suka yi ta hawa tudun da kaya a ka suna saukowa hannu sake. Sai da suka rage mata rabin lodi kafin ta iya hawa. Bisa al’adarsa ya sa aka rufe wurin da zana, aka kewaye da ƙaya saboda awaki.

Daga nan ya shiga gidan Inna Muna, tsohuwa makauniya wadda ɗakinta ne na ƙarshe ta wajen rumbun. Kunnenta sananne ne a garin.

“Inna, jiya kin ji Aradu?”

“Ban ji Aradu ba.”

“Kin ji wata mota?”

“Na ji wata da azahar, can ƙasa-ƙasa.”

Ta buɗe baki za ta ƙara, amma Magagi ya riga ya miƙe. A ƙofar maigari ya tsaya gaban jama’a.

“Motar da ba ta da murya, kuma dami tamanin sunka hi ƙarhinta,” in ji shi. “Ba sai na hwaɗi sunanta ba.”

Da la’asar Hamani ya tsaya a rijiyar bakin hanya yana zuba wa motarsa ruwa, samarin gari suka yi masa ca. Ya rantse jiya itace ya je ɗauka a daji shi kaɗai, amma ba shi da shaida. Suka ɗaure masa hannu ta baya da igiyar guga, suka jefa shi a zauren maigari. Saƙo ya dawo daga kwamanda, Bafaranshen da ke mulkin ƙasar, cewa ranar Alhamis gardawa, wato dogaransa, za su zo su wuce da shi kaso, gidan yari, a Yamai. Wanda ya taɓa rumbun tsimi kuwa, ba a shekara ɗaya ko biyu ake sake ganinsa ba.

* * *

Washegari da safe Magagi na shan kunu a ƙofar gidansa a Filinge, sai ga Salamatu matar Hamani. Ba ta yi kuka ba. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ake gaida uba, sannan ta ɗago kai.

“Baba Magagi, an ce kai kac ce motar maigidana ba ta da ƙarhi.”

“Ƙasa tac ce, ɗiyata. Ni karantawa nay yi.”

“To Baba, bara wa yah hau tudun nan da buhu arba’in na kanwa? Duk Tungar Ƙirya sun gani, har guɗa mata sunka yi. Buhu arba’in na kanwa da dami tamanin na gero, wane yah hi nauyi?”

Ta miƙe ta tafi ba ta jira amsa ba. Magagi ya ce a ransa maganar mace ce mai neman ceton mijinta, ya sake ɗaukar ludayi. Bai kai shi baki ba. Ya san nauyin buhun kanwa, don ya sha ɗora shi a kan raƙumi. Ya ajiye ƙwaryar ya ɗauki sandarsa.

A tasha ya fara da Idi, ko da zai samu wani ƙulli a nan. Ya tambaye shi inda yake ranar kasuwa, Idi ya fara in-ina, ya ce Baleyara, ya koma ya ce Sanam, zufa na keto masa. Magagi ya tsare shi da ido. Ya bi shi har gida ya tura ƙyauren kara, sai ga motar a kan duwatsu babu ƙafafun baya, kaza ta yi ƙwai a kujerar direba. Tun ranar Juma’a wani ƙarfe ya karye mata. Idi ɓoyewa yake kada fasinjoji su koma wa wani, ya yi ta roƙon Magagi ya rufa masa asiri.

Da ya dawo tasha ya tarar da Alhassan zaune a kan hancin Aradu yana cin gyaɗa. Dogo ne mai fara’a, kowa na son hirarsa.

“Baba Magagi, ni ma a tambaye ni mana, kada in ji haushi!”

“Ina kake ranar kasuwa?”

“Hanyar Baleyara, ni da ɗan lodina.” Ya yi tsalle ya shiga mota ya sa aka tada ta, ya taka. Ƙasa ta girgiza, wani jaki ya tsinke igiya ya yi cikin masu tumatir. Ya kashe yana dariya. “In da wagga ta je Tungar Ƙirya, Baba, da mutanen Abala sun ba ka labari.”

Tasha ta kwashe da dariya, har Magagi ya murmusa. Gaskiya ne, ko kurma ba zai ce bai ji Aradu ba.

* * *

Bayan kasuwa akwai rumfar Ibrah. Ɗan gidan maƙera ne da aka ɗauka soja, ya yi shekara bakwai yana kwance a ƙarƙashin motocin Faransawa, ya dawo da sana’a biyu. Duk motocin nan uku ta hannunsa suke bi. Magagi bai taɓa shiga rumfar ba, don a ganinsa abin da ba ya cin ciyawa ba shi da wani sirri.

Ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya ce, “Ibrah, ni dabba nas sani. Raƙumin da yah hi ruri shi yah hi ƙarhi, galibi. Mota hwa?”

Ibrah ya yi dariya har da riƙe ciki. “Haka duk Kurfai ta ɗauka, shi yas sa Alhassan ka cika da mutane. Taho ka gani, Baba.”

Ya jawo wani ƙarfe mai kamar ganga ƙarama, wanda ya tsaga gida biyu. A ciki akwai ɗakuna uku, da bututu mai huji-huji yana ratsa su.

“Wagga ita aka ce ma salansa. Inji numhwashi shikai, awa ni da kai. Shina shaƙar iska ta gaba, shi ƙone mai, shi huro hayaƙi ta bututu. Hayaƙin nan da bugu shika hitowa, bugun nan shi na ƙarar da kaka ji. In ya shiga nan, sai shi bi ɗaki-ɗaki, hushinsa shi huce, shi hita a natse.”

“Ke nan tana rage ma mota ƙarhi.”

“In ƴar matsattsa ta, ƙwarai kuwa. Amma ta Hamani ni naƙ ƙera ta da hannuna.” Ya buga ƙirji, kuma yana da hujjar bugawa. “Kwana tara nay yi kanta. Ciki mai hwaɗi, bututu mai kauri, babu lanƙwasa ko ɗaya mai tsanani, tun daga inji har bayan tayar baya. Ta kwashe ƙarar ta bar mashi ƙarhin. Motar nan ba ta taɓa kahewa ga tudun Tungar Ƙirya ba.”

“Ta Alhassan hwa?”

“Shi ya zaka yac ce in yanke mashi salansa gaba ɗai. Na yanke bututun ƙarƙashin kujera tai, bayan tayar gaba, bakinsa na kallon ƙasa. In shina gudu ga hanya mai ƙarhi, ya ɗan samu ƙari, kaɗan. Cikin yashi kuwa Mai Kunya ba ta bin bayanta. Abin da yas samu da yawa shi na mutane, da kunne guda da ba ya ji sosai.”

Magagi ya shiga zana ƙasa da sanda. Can ya ce, “To mi ka hana mota murya, shi hana ta ƙarhi lokaci guda?”

Ibrah bai amsa da baki ba. Ya miƙa masa zugazugi ya ce ya zuga. Magagi ya zuga, iska na fita fuu, garwashi ya yi ja. Sai Ibrah ya sa tsumma ya danne bakin bututun. Fatar ta kumbura ta yi tauri, Magagi ya danna da dukan ƙarfinsa, ba abin da ke fita sai ɗan huci ta gefe.

“Ka ji ta yi shiru,” in ji Ibrah. “Ka kuma ji abin da hannunka yaj ji. In an toshe ma inji hanyar hitar hayaƙi, tsohon hayaƙi ba shi hita, sabuwar iska ba ta samun wurin shiga. Ko dami ashirin sai sun kayar da ita.”

Magagi ya ajiye zugazugin a hankali. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa, irin kunyar da bai taɓa ji ba tun da ya fara wannan aiki.

* * *

Ranar Laraba rana na fitowa yana gindin tudun Tungar Ƙirya. Ya janye ƙaya, ya ɗage zana. Ran Litinin a tsaye ya karanta wurin, yau kuwa ya durƙusa da gwiwa da hannu.

Ya fara duba bayan ramukan da tayoyin baya suka haƙa. Motar da ta daɗe a wuri ɗaya tana kokawa dole hayaƙinta ya bar baƙi a ƙasa, kuma in ta Hamani ce, a nan baƙin zai kasance. Yashin fari ne tas. Ya rarrafa gaba, taku ɗaya, biyu, uku. A gefen hagu ya gan shi.

Ba shafe ɗaya ba ne. Ɗigo-ɗigo ne na baƙin hayaƙi da mai, jere a layi, guda goma sha biyu, kowane ya daskarar da yashin da ke ƙarƙashinsa. Ran Litinin ya gan su ya ɗauka kashin tumaki ne da aka tattake. Ya tona gefensu da yatsa ya zaro wani abu ƙonanne mai zare-zare. Ya shinshina, ya murza. Soson wanka ne.

Ya auna nisan ɗigon daga ramuka da sandarsa, sanda biyu da rabi, ya sa wuƙa ya yi alama a jikinta. Sannan ya mayar da zana ya nufi ɗakin Inna Muna. Wannan karon ya cire takalmi ya zauna.

“Inna, shekaranjiya na tambaye ki abin da ba ki ji ba. Yau hwaɗa mani abin da kinka ji.”

“Au, yau kana da lokaci?” Ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. “Na ji mota tana nishi awa mai ciwon ƙirji, tana shaƙewa tana tari. Ta mutu sau ukku ga gindin tudu.”

“Mai Kunya ta?”

“Mai Kunya ba ta nishi. Sau nawa tana wucewa nan? Muryarta ƙarama ta, amma lahiyayya. Wagga kuwa babbar murya ta anka danne. Na so in hwaɗa maka, sai naj ji takalminka ya kai ƙohwa.”

Magagi ya sunkuyar da kai ya karɓi faɗan, don ya cancanta. Da ya fito ya bi ta ƙofar zauren maigari, ya hango Hamani a jingine da bango, amma ya kasa shiga. Ya hau jakinsa ya koma Filinge, kai tsaye rumfar Ibrah, ya ce masa ya nemo garwar kananzir da soso da waya.

* * *

Ranar Alhamis tun kafin hantsi aka ji Aradu tafe. Ita aka ɗauka haya ta kawo gardawa biyu, ita kuma za ta wuce da Hamani Yamai. Idi ya biyo su don kallo. Duk garin ya taru a ƙofar maigari, inda Mai Kunya ke tsaye tun ran Litinin. Salamatu na can gefe cikin mata. Aka fito da Hamani, ya rame, hannuwansa na ɗaure.

Magagi ya shiga tsakiyar fili, Ibrah na biye da shi da wani abu a buhu.

“Ranka shi daɗe,” ya ce wa maigari, “kahin a tahi da mutumen ga, ina da magana. Ran Litinin na yi kuskure.”

Fili ya ɗauki guna-guni. Babu wanda ya taɓa jin wannan kalma daga bakinsa. Babban gardi ya ce su suna sauri, maigari ya roƙe shi ya dakata ko na shan ruwa ne.

Magagi ya sa aka share yashi a ƙarƙashin motocin biyu. Ibrah ya murɗa ƙarfen tada inji, Mai Kunya ta tashi, ya taka ta na ɗan lokaci ya kashe. Baƙin hayaƙinta ya sauka can baya, bayan tayar baya. Sai Magagi ya dubi Alhassan.

“Tada taka.”

Alhassan ya yi dariya ya tada, mata suka toshe kunne. Da aka kashe, ga baƙi a ƙasa gefen hagu, ƙarƙashin kujerar direba. Magagi ya kwantar da sandarsa daga tayar baya zuwa baƙin. Sanda biyu da rabi, daidai kan alamar wuƙa.

Ya ja dattawa da gardawa zuwa gindin tudu ya ɗage zana, ya sake aunawa a gabansu. Suka ga ramuka, suka ga ɗigo goma sha biyu, suka ga ƙonannen soso. Da suka dawo fuskokinsu sun sauya.

“Wanga ai wasa na, Baba,” in ji Alhassan, amma dariyar ta bushe. “Makauniyar ku da kanta tac ce ba ta ji Aradu ba.”

“Haka na. Ibrah, duba mani bakin bututun.”

Ibrah ya kwanta ya shige ƙarƙashin motar. “Tsatsa ta ko’ina,” ya ce daga can, “amma ga zobe biyu masu ƙyalli inda waya ta ci ƙarhe. Sababbi na.” Ya miƙo hannu aka ba shi buhun. Ya zaro garwar kananzir da ya cusa wa soso, ya huda gindinta da ƙusa sau goma sha biyu, ya ɗora ta a bakin bututun ya ɗaure da waya. Wayar ta kwanta cikin zobban nan kamar don su aka yi ta.

Aka kawo Inna Muna aka zaunar da ita a kan tabarma. Ibrah ya tada Aradu.

Jama’a suka saki baki. Motar da ke firgita jakuna ta koma nishi, tana shaƙewa tana tari, jikinta na karkarwa. Tsohuwa ta karkata kai, ba ta daɗe ba ta ɗaga hannu.

“Ita ta. Ko cikin kabari nike, na san wagga.”

“Alhassan,” in ji Magagi, “babu kaya bisanta yanzu. Hau mana tudun nan da ita mu gani.”

Alhassan ya dubi tudun, ya dubi garwar, ya dubi gardawan da suka matso kusa da shi. Ya miƙa hannu ya kashe injin da kansa. Ya zauna a kan matakalar motar ya ce geron na nan cikin wani kogo a jikin dutse, hanyar Baleyara, ko dami ɗaya bai taɓa ba, jira yake hatsi ya ƙara tsada. Ɗan lodinsa ne ya taya shi. Kwana uku ya yi yana gwada garwar a daji, a kan hanya mai tauri, motar babu kaya, bai taɓa kawowa a ransa tudu zai tona masa asiri ba.

Ibrah ya fito daga ƙarƙashin mota yana kakkaɓe riga, ya girgiza kai. “Kai, Alhassan. Mutumen da babu wanda yak koya mashi, yaz zauna yag gano wanga shi kaɗai. Da ka kawo kan nan naka rumhwata, da yanzu mu biyu muka ƙera ma Yamai salansa.”

Gardawa suka kama shi. Samarin da suka ɗaure Hamani ran Litinin suka fara sulalewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya tuna yana da aiki a gona.

Magagi bai bari kowa ya taɓa igiyar ba. Shi ya je bayan Hamani ya durƙusa. Ƙullin ya nutse cikin nama, sai da ya sa wuƙa. Da igiyar ta faɗi ya ga abin da ke ƙarƙashinta. Fata ta saɓule zagaye da wuyan hannu, yatsun sun kumbura sun yi baƙi, ba sa lanƙwasuwa. Kwana uku ke nan, kuma kalmarsa ce ta ɗaura wannan igiya. Ya zagayo gaban Hamani, wanda bai girmi ɗansa na fari ba, ya sake durƙusawa a gaban jama’a.

“Hamani, ni nay yi maka wanga. Ban tambayi wanda yas sani ba, ban saurari wadda taj ji ba. Ka yahe mani, in kana iyawa.”

Hamani bai dube shi ba. Salamatu ta zo da ruwa ta riƙe masa ƙwaryar ya sha, don hannunsa ba ya riƙo. Ya daɗe yana kallon gabas, inda hadari ya yi baƙi fiye da na ran Litinin. Magagi na nan a durƙushe, gwiwoyinsa na ciwo, kuma ya sa a ransa ba zai tashi ba ko za a kai dare.

“Ranka shi daɗe,” Hamani ya ce wa maigari, “in ruwan ga ya sauka geron na cikin kogo, hanya ta yanke, ba ku shuka ba sai bayan kwana goma. A ba ni mutum huɗu.”

“Da wanga hannun?” in ji maigari.

“Ibrah shi riƙa mani sitiyari, ni in taka.” Ya taka zuwa gaban motarsa, ya kai hannu ga ƙarfen tada inji, yatsun suka ƙi kamawa. Ya gwada sau biyu. Sannan ya juyo, a karon farko ya dubi tsohon.

“Baba. Taho ka murɗa mani.”

Magagi ya miƙe da ƙyar. Bai taɓa kama ƙarfen nan ba a rayuwarsa. Ibrah ya nuna masa inda zai sa babban yatsa kada ƙarfen ya dawo ya karya shi. Ya murɗa, injin ya yi tari ya mutu. Ya sake, rawaninsa ya warware ya faɗi, babu wanda ya yi dariya. A na uku ya tattara duk abin da ya rage masa na ƙarfi ya ja.

Mai Kunya ta tashi, tana kaɗawa a hankali, sumul. Da wata mota ce da ƙara ta haɗiye maganar, amma wannan kowa a filin ya ji, har matan da ke can baya.

“Na yahe, Baba,” in ji Hamani. “Ɗauki rawaninka ka hau, kai za ka bi sawu ka nuna muna kogon.”